Layin tagwaye: yadda ake raba na'urar DAC ta haɗin gida da ƙugin lasifika

Duk wanda ya taɓa zama wurin wa'azi, ko taron biki, ko gangamin siyasa a Magarya ko Dungas ya san wannan ƙugin. Tun mai magana bai buɗe baki ba lasifika ke ta ruri ƙasa-ƙasa, in an ƙara murya shi ma ya ƙaru. Masu sono kan ɗora laifin a kan ampili ko gurup. Sau da yawa kuwa laifin yana cikin wayar da ta ɗauko sautin daga kwamfuta ko salula ta kai shi teburin haɗa sauti, da kuma yadda aka haɗa bakinta na farko. Wannan bayani na waɗanda ke harhaɗa na'urar DAC da hannunsu ne, suna son sautinta ya yi tafiyar mita 20 ko 40 ya isa da tsabtarsa.

Mene ne DAC

Sautin da ke cikin salula, ko katin memori, ko kwamfuta, lambobi ne zalla. A faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, a ajiye kowane awo a matsayin lamba. Lasifika ba ta jin lamba, wuta mai hawa da sauka take ji. Na'urar da ke mayar da lambobin su zama wannan wutar ita ce DAC, wadda littattafan Faransanci ke rubutawa CNA. Kowace salula na da irinta a ciki, amma ƙarama ce, kuma tana zaune cikin hayaniyar sauran kayan wayar.

Shi ya sa matasa masu gyaran rediyo ke haɗa tasu. Abin da ya fi yawa a hannunsu shi ne ɗan allon da ke ɗauke da aisi mai lamba PCM5102A ta kamfanin Texas Instruments, a jona shi da allon Bluetooth, ko ESP32, ko Raspberry Pi. Wannan aisi tana aiki da volt 3.3, tana fitar da sauti har volt 2.1, kuma ingancinta ya wuce abin da yawancin lasifikokinmu ke iya nunawa. Aibinta ɗaya: fitarta ta layin tilo ce.

Layin tilo da layin tagwaye

Layin tilo, wanda masu gyara da suka yi lakwal ke kira asimetirik, shi ne na fish ɗin RCA mai ja da fari, da na ƙaramin jak ɗin salula. Waya ɗaya ce a tsakiya ke ɗaukar sauti, sai ragar ƙarfe da ta lulluɓe ta, wadda ake kira mas. Ragar nan aiki biyu take yi: ita ce garkuwa, ita ce kuma hanyar da wutar sautin ke bi ta koma. To duk wata ɓatacciyar wuta da ta bi ta cikin ragar, sai ta haɗu da sautin, kuma babu yadda ampili zai yi ya rarrabe su. A mita 1 ko 2 ba a cika ji ba. Da waya ta yi tsawo, ko aka jona na'urorin biyu a wuraren wuta daban-daban, sai ƙugi ya bayyana.

Layin tagwaye, wato simetirik, wayoyi biyu ne a murɗe da juna, sai raga a waje wadda aikinta kariya kawai. Na'urar da ke karɓa ba ta duba kowace waya ita kaɗai, bambancin da ke tsakanin su biyun take aunawa. A ɗauki misalin sikelin mai sayar da nama a lokacin hunturu. Ƙura na sauka a kan faranti biyun, amma tunda daidai take sauka, awo bai canza ba. Haka hayaniyar da ta shiga wayoyin nan biyu daidai wa daida: in aka ɗebe ɗaya daga ɗaya sai ta ɓace, sauti ya rage. Dabarar ta girmi rediyo ma. Alexander Graham Bell ya yi rajistar murɗaɗɗiyar waya tun 1881 saboda layukan tarho.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da wasu da suka daɗe a sana'ar. Suna ɗauka cewa layi ba ya zama na tagwaye sai an tura sauti a waya ɗaya, an tura kishiyarsa a ɗayar. Wannan yana da amfaninsa, domin yana ninka ƙarfin sauti, amma ba shi ke kashe ƙugi ba. Abin da ke kashe shi shi ne wayoyin biyu su kasance da turjiya iri ɗaya zuwa mas. In muka koma ga sikelin: faɗin faranti biyun ne ya kamata ya zo ɗaya. In ɗaya ya fi faɗi zai fi tara ƙura, awo ya karkace, ko da me aka ɗora a kai. Bill Whitlock, wanda ya yi aiki a kamfanin Jensen Transformers a Amurka, ya shafe shekaru yana nanata wannan batu a rubuce-rubucensa, kuma wanda ya gane shi ya huta da kashe kuɗi mai yawa.

Inda ƙugin ke fitowa a yankinmu

Wutar NIGELEC volt 220 ce, tana juyawa sau 50 a sakan. Ƙugi mai kauri da ake ji shi ne wannan 50 ɗin da ninkinsa, 100 da 150. Jihohin Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna samun wutarsu daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli: gari ya koma kan gurup da batirin sola. A ƙauyukan Bande, Waca, Ɗan Ciyawo, Malawa ko Dogo-Dogo kuwa, da ma can da su ake taro. Ƙaramin gurup ba ya ba da wuta mai santsi, injin da ke mayar da wutar batiri ta zama 220 shi ma in mai araha ne wutarsa mai kusurwa ce, tana sa wani ƙara mai kaifi kamar na ƙudan zuma. Ga cajar kwamfuta, ga ƙwan fitila na zamani, ga salula da ke sa lasifika ta yi tat-tat-tat kafin kira ya shigo. Sannan gidaje da masallatai da yawa ba su da wayar ƙasa ko kaɗan.

Gidajen rediyon karkara, waɗanda suka fara a Nijar da na Bankilare a 1999, suna da ƙarin matsala: na'urar watsa shirin na kusa da ɗakin magana, wani lokaci bango ɗaya ne tsakani. Kwamfutar da ake sako shirye-shirye da ita, irin su na Studio Kalangou, in da layin tilo aka jona ta, duk abin da ta kwaso sai ya bi iska ya shiga kowane gida.

Bakin fish

Fish ɗin layin tagwaye iri biyu ne. Akwai XLR mai ƙafa uku, irin na mikoro: ƙafa ta 1 raga, ta 2 ita ce mai zafi, ta 3 mai sanyi. Ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta tsayar da wannan tsari a 1992, don haka tsofaffin na'urori kan zo da 2 da 3 a juye. Akwai kuma babban jak na milimita 6.35 mai zobe biyu baƙaƙe: kai shi ne mai zafi, tsakiya mai sanyi, gindi raga. Jak mai zobe ɗaya na layin tilo ne, ko da girmansu ɗaya.

Hanya mafi sauƙi: rezistans ɗaya da kwandansata ɗaya

A tsarin da kamfanin ya bayar na PCM5102A, kowace fita tana bi ta rezistans mai om 470, sannan kwandansata mai nanofarad 2.2 ta sauka zuwa mas. Yawancin allunan kasuwa haka suke, amma a duba lambobin da ke kan naka kafin a sayi komai. Wannan fitar ita za a kai ƙafa ta 2. Ƙafa ta 3 kuwa ba za a ba ta sauti ba. Za a jona ta da mas ɗin allon, daf da inda sautin ke fita, ta cikin wata rezistans mai om 470, da kwandansata mai nanofarad 2.2 a gefenta. Shi ke nan. Faranti biyun sun zo ɗaya.

Ga lissafin da ke nuna amfanin abin. A ce mashigin tebur yana da turjiyar om 10,000 a kowace ƙafa. In aka jona ƙafa ta 3 kai tsaye da mas, babu rezistans, hayaniyar da ta isa ƙafa ta 2 za ta gaza ta ƙafa ta 3 da kusan kashi 4.5 cikin 100, kuma wannan ragowar ita kunne zai ji. In aka sa om 470 a ɓangaren biyu, ko da sun saɓa da kashi 1 cikin 100, ragowar za ta faɗi zuwa kusan kashi 0.045. Wato ƙugi ya ragu sau ɗari da kayan da ba su kai kuɗin kofin shayi ba. Saboda haka a nemi rezistans masu zobe ruwan ƙasa a ƙarshe, na kashi 1 cikin 100, ko a zube guda goma a auna su da mita a zaɓi wadda ta fi kusa da ta kan allo.

A ganina, mai sono na gari da limamin da ke son sako karatu kafin salla ba su buƙatar abin da ya wuce wannan. Ba ta cin wuta, ba ta ƙara wata hayaniya, kuma in wani ya zo ya soka jak na layin tilo ba abin da zai ƙone. Manyan kamfanoni ma suna amfani da ita a ƙananan teburansu, sai dai ba su cika tallata ta ba. Iyakarta ita ce tsawo: om 470 yana da ɗan yawa, in waya ta doshi mita 100 sautuka masu kaifi za su fara dusashewa.

In ana son ƙarfi: aisi mai ƙara sauti

Hanya ta biyu ita ce a sa NE5532, tsohuwar aisi mai ƙafa takwas da ke cikin kusan kowane tebur tun ƙarshen shekarun 1970. Ƙananan ampili biyu ne a cikinta. Na farko ya maimaita sautin yadda yake ya kai ƙafa ta 2, na biyu ya kifar da shi ta hanyar rezistans biyu masu om 10,000 ya kai ƙafa ta 3, kowace fita kuma a sa mata om 100. Sakamakon shi ne volt 4.2 tsakanin ƙafafun biyu maimakon 2.1, da ƙarfin tura waya mai tsawo. Sitiriyo na buƙatar aisi biyu.

Wahalarta wuta ce. NE5532 ta fi son wuta mai ɓangare biyu, +12 da -12 ko +15 da -15, alhali abin da ke hannun mutane batirin sola ne mai volt 12. Ana iya raba 12 ɗin biyu a ƙirƙiri tsakiya a volt 6, a sa kwandansata a mashiga da mafita, kuma zai yi, amma da ƙyar, domin ƙololuwar volt 2.1 ta kusa volt 3 sama da ƙasa, wurin da ya rage kaɗan ne. Ƙananan allunan da ke mayar da 12 ta zama +12 da -12 suna warware wannan, sai dai marasa kyau cikinsu na shigo da wani siririn fito. Abu na biyu: in aka soka jak na layin tilo, ƙafa ta 3 za ta haɗu da mas, rabin aisi ya yi ta aikin banza yana zafi.

Akwai aisi da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, irin su DRV134 da THAT1646. Su kan gane in an haɗa ƙafa ɗaya da mas, su mayar da ƙarfin ga ɗayar. Suna da kyau ƙwarai, amma samunsu sai an aika Kano, kasuwar Sabon Gari, ko an yi oda daga waje, kuma jabu sun yi yawa a irin waɗannan lambobi. Wanda bai da amintaccen mai kawo masa kaya gara ya tsaya kan NE5532, wadda ko daga mataccen tebur ana iya ciro ta asali.

Tiransifo

Duk hanyoyin da aka ambata suna barin mas ɗin na'urorin biyu a haɗe. In bambancin wutar da ke tsakaninsu ya yi yawa, misali kwamfuta na kan wutar gari, ampili na kan gurup, to babu abin da ya kai tiransifon sauti mai 1:1, wanda aka fi sayarwa da lambar 600:600. Sauti na tsallakawa ta maganaɗisu, babu ƙarfen da ya taɓa wani. Ba ya buƙatar wuta, ba ya tsoron zafi, kuma yana tsare DAC daga abubuwa da yawa. Wani nau'in tiransifon sauti ne kuma ake yawan samu a cikin ɗan akwatin da mawaƙa ke kira DI.

Ƙananan masu araha suna cika su shaƙe in sauti mai kauri ya yi ƙarfi, ganga ta fito a dagule. Ga magana da karatu ba laifi, ga kiɗan biki kuwa a nemi mai nauyi a hannu, ko a rage sauti daga kwamfuta. A nisanta shi da tiransifon wuta, in ba haka ba shi da kansa zai kwaso ƙugin da aka sa shi ya kora.

Wani abu da ya kamata a sani tun kafin a ɗauki dalma: layin tagwaye sai da mai karɓa na tagwaye. Yawancin ampilin kasuwa da ake ɗaura wa lasifikar masallaci RCA ko jak na tilo kawai gare su. A irin wannan hali gyaran DAC kaɗai ba zai yi komai ba. Sai a ja wayar tagwaye har gindin ampili, a sa tiransifon a can, a fita daga gare shi da guntuwar waya. Wayar da ke tashi daga ampili zuwa lasifika kuma wani babi ne daban, ba ta cikin wannan magana.

Aisi masu fitar tagwaye tun asali

Wasu DAC da ƙafa biyu suke fitowa a kowane ɓangare: WM8741, CS4398, AK4493 da ire-irensu. Kuskuren da ake yi shi ne a ja ƙafafun nan kai tsaye zuwa XLR. Akwai tsayayyar wuta a kansu, akwai kuma ragowar hayaniya mai saurin da kunne ba ya ji amma ampili na ji, don haka dole a bi da su ta matata da aisi irin OPA1632 ko NE5532 biyu. PCM1794A ma ta fi wuya, domin kwararar wuta take fitarwa, sai an fara mayar da ita volt. Wannan aikin wanda ya riga ya ƙware ne.

Akwai kuma wata dabara ga mai PCM5102A da ba ya buƙatar sitiriyo, kuma taro a fili da ma ba ya buƙata. A manhaja irin Audacity a mayar da sautin ya zama ɗaya, a kwafe shi hagu da dama, a kifar da na dama. Hagu ya tafi ƙafa ta 2, dama ya tafi ta 3. Turjiyarsu da ma ɗaya ce, ga ninkin ƙarfi kyauta. Haɗarin shi ne ranar da wani ya sako waƙar da ba a kifar ba: muryar mawaƙi, da ke tsakiya, za ta kusan ɓacewa, a bar jama'a da amsa-kuwwa.

Abubuwa uku da ke ɓata aikin

Na farko, ramin da aka soka. A ƙananan tebura ramin XLR na mikoro ne, yana jiran ƴan milivolt, volt 2.1 zai cika shi sauti ya fashe. Ma'aunin kayan aikin ƙwararru, +4 dBu, volt 1.23 ne, na kayan gida kuma volt 0.316, don haka DAC ɗin nan ta riga ta fi su duka ƙarfi. A shiga ta ramin babban jak da aka tanada don layi, a fara da maɓallin ƙarfi a ƙasa.

Na biyu ya fi muni. Tebura da yawa na da maɓallin 48V, wanda ke tura volt 48 ta ƙafa ta 2 da ta 3 na XLR don ciyar da wasu mikoro, kuma a masu araha maɓalli ɗaya ne ke kunna wa dukan ramuka. Aisi mai aiki da volt 3.3 ba ta da abin kare kanta daga wannan. In dole sai an bi ta XLR, a sa tiransifo, ko kwandansata masu jure volt 63 a ƙafafun biyu, iri ɗaya, don kada ma'auni ya karkace.

Na uku shi ne inda aka kai ƙafa ta 1. Neil Muncy ya bayyana wannan matsala a mujallar AES a 1995, ƙungiyar kuma ta mayar da maganinta ƙa'ida a 2005 da sunan AES48: ragar waya a jikin akwatin ƙarfe za a ɗaure ta, nan bakin fish, kada a ja ta cikin allo ta bi hanyar da sauti ke bi. Mas ɗin allo ya haɗu da akwatin a wuri ɗaya tak. Wannan na nufin akwatin ya zama na ƙarfe. Robar sabulu da wasu ke sakawa a ciki ba ta tare komai, ga ƙurar hunturu da ke shiga ta kowace kafa. In an yi duk wannan ƙugi bai tafi ba, ana iya cire ragar daga ƙafa ta 1 a ɓangaren tebur. Amma kada a kuskura a yanke wayar ƙasa ta fish ɗin wuta don a kashe ƙugi, inda Allah ya sa akwai ta. Ita ce ke tsakanin mai riƙe da mikoro da volt 220.

Waya da gwaji

Wayar mikoro mai cibiya biyu da raga ita ce ta dace. In babu, wayar intanet ta Cat5 na da murɗaɗɗun tagwaye huɗu a ciki, kuma tana aiki sosai: a ɗauki tagwaye ɗaya, mai launi da farinsa, don ƙafa ta 2 da ta 3, wani kuma don mas. Kada a ɗauki waya ɗaya daga wannan tagwaye, ɗaya daga wancan. A raba hanyarta da wayar wuta, in dole su haɗu su gicciye juna.

Gwaji da mitar awo ta talaka ma ya isa. A sako sautin gwaji mai juyi 400 a sakan, a cika ƙarfinsa, a sa mita a kan volt AC, ba tare da an jona tebur ba. A hanyar NE5532 za a ga kusan 2.1 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 1, kusan 2.1 tsakanin ta 3 da ta 1, da kusan 4.2 tsakanin ta 2 da ta 3. In na ƙarshen ya nuna sifili, ba a kifar da ɗayan ba. A hanyar rezistans kuwa ƙafa ta 3 sifili za ta nuna, kuma daidai ke nan, kada a warware aiki saboda haka. Daga nan a jona tebur da doguwar wayar da za a yi aiki da ita, a tsayar da sauti, a ɗaga ƙarfi, a tada gurup, a soka cajar kwamfuta, a aza salula kusa a kira ta, a saurara.